Ƙorafi Kan Takardar Tambayoyin Da Na Cika Da Ƙarya

Daga: Mai aski, mahaifin yaro mai kati lamba 4417
Zuwa ga: Mai girma Shugaban Sashen Farfaɗiyar Yara, Babban Asibiti
Kwanan wata: 18 ga Yuni, 2024

Game da: Cire sunan ɗana daga jerin yaran da za a koya wa magana

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina gabatar da ƙorafi a kan mutum biyu: ma'aikacinku mai rubuta bayanan marasa lafiya, da kuma ni kaina. Na biyun ya fi laifi, sai dai ban san ofishin da ake kai ƙararsa ba.

Shekarar ɗana shida. A gida Alƙali muke ce masa, don duk barkwancinka ba zai yi maka dariya ba. Tun yana wata takwas yake fama da farfaɗiya, irin wadda likitarku ta ce ba kasafai ake samunta ba, kuma kullum gaba take yi. Ta ce irin waɗannan yara sukan nuna alamun otizim, wato lalurar da ke wahalar wa yaro magana da cuɗanya da mutane, shi ya sa kuka fito da takardar tambayoyi don zaɓar waɗanda za su shiga ajin koyon magana da mu'amala.

1. Ranar 6 ga Mayu, ma'aikacin ya tsallake mahaifiyar yaron da ke riƙe da shi, ya kira ni, wai maigida ne ke amsawa. Ita ke wuni da shi. Ni kuwa na fi sanin ƙeyar maƙwabta fiye da halin ɗana.

2. Bai shigar da ni ɗaki ba. A baranda ya yi mini tambayoyin, da murya irin ta mai kiran fasinja a tasha. A kan bencin kuma ga wani direba da nake yi wa aski duk mako, ya kawo jikarsa, ya baza kunnuwa.

3. A nan laifina ya fara. Aka tambaye ni ko yaron yana kallon mutum cikin ido, na ce sosai ma, alhali fanka yake kallo. Ko yana amsa sunansa, na ce tun kafin a rufe baki. Ko yana wasa da yara, na ce shi ne ma shugabansu. Gaskiyar ita ce matazaina yake jerawa a bakin ƙofa, daga babba zuwa ƙarami, wanda ya taɓa ɗaya kuwa ya jawo wa gidan kuka har yamma. Da aka zo kan ko ƙara tana damunsa, na ce ko kaɗan. Ranka ya daɗe, shekara ashirin da biyu ina aski, ban taɓa kai injin aski kan ɗana ba. Da ya ji ƙararsa sai ya toshe kunne ya shige ƙarƙashin gado. Mahaifiyarsa ke rage masa suma da almakashi, kaɗan-kaɗan, cikin kwana uku.

Farfaɗiya kam ina iya faɗinta a gaban kowa. Wannan ɗayan, otizim ɗin, shi ne bakina ya ƙi, don kada a ce ɗan mai aski ba shi da hankali.

4. Ranar 10 ga Yuni wasiƙarku ta iso, cewa yaron ba shi da wata alama, don haka an cire sunansa. Mai ɗakina ta karanta sau biyu, ta tambaye ni ɗan wane gida ne wannan yaron kirki haka. Da faɗa ta yi, da ya fi mini sauƙi.

5. Ranar 13 ga Yuni na koma in gyara. Ma'aikacin ya ce abin da aka buga wa hatimi ba ya gyaruwa, za a rufe jerin ranar 28 ga Yuni, na gaba kuma sai baɗi.

Saboda haka ina roƙon Mai girma Shugaba ya ba da umarni a soke waccan takarda, a sake tambayoyin kafin ranar 28, a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, mahaifiyarsa ce mai amsawa. Ina kuma roƙon a daina yi wa iyaye irin waɗannan tambayoyi a baranda, don ba na jin ni kaɗai ne matsoraci a kan wannan benci. Idan akwai hukuncin wanda ya ba da bayanin ƙarya, na karɓa, amma a yi mini shi ni kaɗai.

Bara ɗana yana da kalmomi goma sha ɗaya. Jiya mahaifiyarsa ta lissafa mini, saura huɗu. Ba zai iya jiran baɗi ba.

Ina mai ban haƙuri, tare da cikakkiyar girmamawa.

Naka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai aski, baban Alƙali