Wainar Kaza a Teburin Jabiru

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Shekara da shekaru ina gaya wa likitoci ba gyambon ciki ba ne. Ba wanda ya saurare ni. "Malam, ka riƙa cin abu mai laushi, burodi da shayi." Na ci. Na yi ta ci har ciwon ya hana ni tsayuwa gaban allo, aka sauke ni daga hedimasta a Sakajiki tun lokacina bai yi ba, aka ɗora wanda ni na koya wa riƙon alli. Yau wata likita a Gusau, sa'ar ɗiyata, ta duba gwajin ta ce hanjina ne ba ya shiri da alkama. Abin da suka yi ta ɗura mini da sunan sauƙi. Ban yi mata godiya ba. Ya kamata in yi, ba ita ta cuce ni ba.

Alhamis, 11 ga Yuli

Ɗiyata Gimbiya ta kira daga Abuja. Ta gano wani tsarin ci a waya, wai irin na mutanen farko: nama, ƙwai, ganye, ba hatsi ko kaɗan. "Baba, har gero da dawa za ka bari. Da man gyaɗa." Na ce mutanen farkon nan ba a nan Ƙaura suka zauna ba. Alkama na bari. Tuwon dawa kuwa sai ranar da aka ɗauke ni.

Asabar, 13 ga Yuli

Safiya ce matsalar. Me mutum zai haɗa da shayi? Tsire ma ban yarda da shi ba, an ce wasu na ƙara fulawa a garin ƙuli.

Na yanka zakara ɗaya cikin kajin matata Iyatu. Na zare tsokar, na bar 'yar fata saboda maiƙo, na zuba a turmi da albasa, citta, tafarnuwa, masoro da gishiri. Iyatu ta ce, "Malam, kawo taɓaryar, maƙwabta na ji." Su ji. Ta ce ba zai haɗu ba sai da fulawa. Na farko ya wargaje a kasko, ta juya baya tana dariya. Ruwan albasa ne ya ɓata shi. Na matse ta a tsumma, na fasa ƙwai ɗaya, na ajiye kwaɓin a gindin randa ya yi sanyi. Na jiƙa tafi na faɗaɗa shi kamar waina. Ya tsaya. Ko ƙwayar alkama babu. Ta ɗanɗana, ta ƙara ɗaya.

Talata, 16 ga Yuli

Na tafi da wainar kazar a samira teburin Jabiru mai shayi, kusa da tashar jirgi, inda muke zama kowace safiya tun da na bar aiki. Nan kaɗai ya rage ake ce mini Hedimasta. Mahmuda na gefena kamar kullum, shi da muka yi elemantare tare.

Na buɗe na ce "Bismillah," yadda duk mai tarbiyya zai ce. Da burodi ne, amsar ita ce "Alhamdulillahi, ci abinka." Yau sai hannuwa. Kafin in huce shayina saura ɓarɓashi. Mahmuda na lasar yatsa yana cewa, "Hedimasta, wanga ciwo naka Allah shi bar muna shi." Kowa ya yi dariya, har ni. Na yini da ruwan bunu a ciki har azahar.

Laraba, 17 ga Yuli

Haka aka sake yi. Kajin Iyatu ba su da yawa.

Litinin, 22 ga Yuli

Ban yi tayi ba. Na buɗe samira na ci ina kallon layin dogo. 

Mahmuda ya ce, "Yau bakin ya mance da sunan Allah?"

Na ce na yi a zuci.

"Ashe boko har rowa yake koyarwa."

Na ce wannan magani ne, ba sadaka ba. Da ma na tsaya nan. Sai na ƙara da cewa tun muna yara a kwanon gidanmu yake ci, ya isa haka. Gaskiya ce, maraya ne a lokacin, uwata ke zuba mana tare. Ya ajiye kofi, shayin ko rabi bai sha ba, ya sa takalmi ya tafi.

Juma'a, 26 ga Yuli

Na hange shi a masallaci, ya canza sahu. Iyatu ta ce, "Gori ka yi masa, Malam, a gaban mutane." To, shi da ya kira ni marowaci, a ɗaki ya faɗa? Ba inda zan je. Na gaji da zama wanda ake cinye wa nasa kuma a ce ya ba da haƙuri.

Lahadi, 4 ga Agusta

Cikina lafiya lau. Rabon da in ji haka tun ina saurayi. A zaure nake shan shayi yanzu, ni da rediyo. Ba mai yi mini gardamar banza a kan labarai. Ya fi.

Asabar, 10 ga Agusta

Mai labarai ya yi wata katoɓara, na juya zan yi magana. Bango ne a gefena.

Litinin, 19 ga Agusta

Wainar ta yi yawa yau. Kazar ce babba, ba wani abu ba. Na sa masoro da ɗan yawa, akwai masu son haka. Na cika samira na fita.

A teburin, wani ɗan acaɓa ne zaune a wurin Mahmuda. Na tsaya kamar mai duba jirgi, har Jabiru ya ce, "Hedimasta, ba ka ji ba? Ɗansa Lukman ya zo ya tafi da shi Kano makon jiya, idon nan nasa ya matsa. Can zai zauna gaba ɗaya. Sai da ya bi kowa ya yi ban kwana, har mai faci."

Na bar wa Jabiru samirar na dawo gida.

Mahmuda ya bar Ƙaura. Bai yi mini sallama ba.