Layi na biyar a miksata

Salama a gare ku 'yan gida. Admin a rufe sunana, sunayen da zan ambata ma duk na canza su. Don Allah ku ba ni shawara kafin Lahadi, abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni matar aure ce da 'ya ɗaya, muna zaune a gidan haya a Samaru. Ina da 'yar ƙaramar miksa mai layi shida, wadda ake jona makirufo da sifika a jikinta, kowane layi da nasa maɓallin ƙara murya. Na saye ta ne don in riƙa naɗar waƙoƙina a ɗaki, nakan rataya bargo a taga saboda ƙarar 'yan Keke Napep. Da hannuna ya faɗa sai aka fara kirana biki da taron zumuntar mata, har maza suna tsokanata wai injiniya mai zani. Ban damu ba, kayana ba sa kuka a taro, nasu kuwa sai an toshe kunne.

A haka aka haɗa ni da wani gidan addu'a a Sabon Gari, can bayan PZ. Ba cocinmu ba ne, wani mutum ne da ake kira Baba ya buɗe, mutane suna tururuwa wai yana ganin abin da ke ɓoye. Ranar farko ya ce in ware layi na biyar ga Sista Rahila, mai karɓar baƙi a bakin ƙofa, tana da ɗan makirufo maras waya a ƙarƙashin gyalenta. Ya ce kada muryarta ta fita a sifika, in tura ta ta wata hanya dabam zuwa iyafis, ɗan abin sauraren da yake sawa a kunne a ofishinsa, wai don ta riƙa gaya masa in wuri ya cika. Miksa tana iya yin haka, ban kawo komai a raina ba, na yi masa.

Wata Lahadi na ji tsaki a cikin sauti, sai na sa hedifon ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya, har na zo na biyar. Sai na ji Sista Rahila tana hira da wata baƙuwa cikin lallami, daga ina kike, me ke damunki, wa kike zargi. Da aka shiga addu'a Baba ya rufe ido ya zayyana wa matar nan komai, har sunan ƙauyensu, ta zube tana kuka. Nan na gane abin da ake yi da layi na biyar. Daga ranar na fara naɗar layin a filas, ɗan abin nan na ajiye sauti, ban ma san me zan yi da shi ba.

Abin da ya kawo ni nan shi ne maƙwabciyata Maman Bulus. Ɗanta yana ta ramewa, asibiti sun ce a ci gaba da magani a dawo gwaji, ita kuma ta gaji. Ban san za ta je ba, sai ganinta na yi a bakin ƙofa Lahadin da ta wuce, daga baya ta ce ai don ta ga ina aiki a wurin ne ta yarda da shi. Da kunnena na ji Sista Rahila tana tambayarta ko akwai mai ba yaron abin ci a waje. Ta ce babu, sai dai Iya Saratu mai ƙosai da ke ƙofar gidanmu, takan ba shi kyauta. Iya Saratu tsohuwa ce da ba ta da kowa, ita ta yi mini wankan jego da na haihu, 'yata Kaka take kiranta.

A cikin taro Baba ya ce yana ganin wata tsohuwa zaune gaban wuta da kasko, tana riƙe da kurwar yaro a cikin mai. Ya ce Maman Bulus ta tara dangin mijinta ta zo da su Lahadi mai zuwa, a nan zai kira sunan mayyar a gaban kowa.

Tun daga ranar gidanmu ya canza. An daina ba yaron magani. Ba mai sayen ƙosan Iya, shekaranjiya da safe ta tarar an zuba mata ƙasa a murhu, ta share abinta tana cewa aikin yara ne. Ƙannen baban Bulus sun zo daga Basawa, suna zama a benci suna kallonta, ba sa ko amsa gaisuwarta. Na gwada yi wa Maman Bulus magana, ban kai ga filas ba ta taso mini, wai in ina kare tsohuwar to a bincike ni ni ma.

Kuma ina jin Baba ya gane. Da nake naɗe wayoyi a Lahadin nan ya tsaya a kaina yana murmushi, ya ce 'yata, kunnenki ya cika zama a hedifon kwanan nan. Sai ya tambaye ni ya jikarsa, wato 'yata, mai jan takalmin nan da ke tsallaka titi ita kaɗai in an tashi makaranta. Ban taɓa kai 'yata wurin ba, ban taɓa gaya masa ina da 'ya ba, kuma ni na san ba wahayi yake gani ba. Ke nan wani ya aika.

Mijina ya ce in ɗauko kayana in ce miksa ta ƙone, mu yi shiru. Mun yi faɗa sosai, na ce in na bari zai yi hayar wata miksar a PZ ya kira sunan Iya duk da haka, shi kuma ya ce in zaɓa tsakanin tsohuwar mutane da 'yar cikina. Gaskiya tsoro nake ji, ban taɓa jin irinsa ba.

Maɓallin layi na biyar yana ƙasa ne kullum. In na tura shi sama ranar Lahadi, duk wanda ke wurin zai ji Sista Rahila tana tatsar baƙi, amma ni ce zaune a tsakiyar mutanensa, ƙofa kuma ɗaya ce. In kai filas wurin 'yan sanda ne, ko wurin fastonmu, ko in kunna wa dangin yaron a tsakar gida? Wa zai yarda da ni kafin Lahadi? Don Allah wanda ya san hanya ya faɗa mini. Yau da safe Iya ta kira 'yata ta miƙa mata ƙosai a takarda yadda ta saba, ni kuma da na ga masu benci suna kallo, na ce wa yarinyar ta mayar.