Abin da ya sami Kawu Sale a silima

Zuwa ga ɗana Babangida,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Yaya karatu, yaya sanyin Ingila? Yaya Hadiza da yara? Mu nan Fagge lafiya, sai wannan abu.

Ƙaninka Bashir ya kafe sai ya shiga soja, saboda finafinan yaƙi da yake kallo a Sabon Gari. Kawunku Sale, da ya baro hannunsa a yaƙin basasa, ya bi shi ya ga abin da ake nuna musu.

Aka nuno jarumi ya karkashe runduna shi kaɗai, ko hularsa ba ta faɗi ba, samari suna tafi da fito. Kawu ya miƙe ya tare allon, ya ce, "Ƙarya ne, 'ya'yana. Wanda harsashi ya fasa wa ciki ba ya faɗuwa shiru. Uwarsa yake kira, yana tattara hanjinsa."

Suka ce, "Baba, zauna, kallo muka zo, ba wa'azi ba." Ya ƙi. Wani ya fasa masa kwalba a ka, aka ɗaga benci, aka zubar wa Bashir da haƙoran gaba. Okoro tela, wanda ya yi yaƙin a ɗaya ɓangaren, shi ya ɗaure kan Kawu da rigarsa ya kai shi asibiti.

Bashir ya ga jinin gaske, amma bai janye ba. Ka rubuto masa da kakkausar murya, maganarka yake ji. Ban haife shi don ya dawo mini da hannu ɗaya ba.

Ka sa Kawu a addu'a. A gai da kowa.

Mahaifiyarka