Abin da Teku Ya Yi wa Rami na Bakwai

Zuwa ga Dolina,

Ya hasken safiyar bazara a kan tuddan yashi! Ya ƙamshin ciyawa sabuwar yanka, ya wadda sunanta ya manne mini a leɓe kamar gishirin iskar nan tamu, wanda ko na wanke fuska sau goma ba ya fita! Dolina, sanyin idona, abar begena, ina gaishe ki daga wannan tsibiri da kika bari, gaisuwar mutumin da ya shekara goma sha huɗu yana tauna ta a baki bai sami ƙarfin zuciyar furta ta ba.

Saƙonki ya shigo kwamfutar kulob ɗinmu na wasan golf ranar Talata. Kirsteen, sakatariyarmu, ta buga shi a takarda ta biyo ni da shi har rumfar injunan yanke ciyawa, ta ce, "Ungo, Tormod, kai ne mai kula da fili, kai za ka ba da amsa. Amma ka zauna tukuna kafin ka karanta, ba ni da ƙarfin ɗaga ƙato." Na karanta a tsaye, don taurin kai. Wai kamfaninku na shirya tafiye-tafiye a Glasgow yana da Jamusawa goma sha biyu da ke son zuwa hutun wasan golf a watan Yuni, wai kuna neman bayani a kan yanayin filinmu, tambaya huɗu, kowace da lambarta. A ƙasa kuma kin sa hannu: D. MacAulay. Haba Dolina! Ni za ki yi wa D.? Ni da na san ki tun kina jan tsohuwar sandar babanki wadda ta fi ki tsawo, kina dukan ƙasa kina zagin ƙwallo? To, na ji. Zan amsa miki tambayoyinki, amma a takarda, da hannuna, kuma ba zan iya tsayawa inda lambobinki suka tsaya ba.

Kin tambayi lafiyar ciyawa. Ya rabin raina, da ma kina nan ki gani! Bayan guguwar hunturu mun kwashi ciyawar teku da ruwa ya watso gaɓa, mun shimfiɗa ta a farfajiyar kowane rami kamar yadda kakanninmu ke yi wa gonar dankali, kuma yanzu sabon tsiro ya fito, siriri, a cunkushe, mai laushin da har kunyar taka shi nake ji da takalmin aiki. Shanun gari za su bar filin ranar ɗaya ga Mayu, a ranar za mu kwance wayar da ke zagaye da ramuka. Tumaki kuwa kin san halinsu, ba sa karanta sanarwa. Ki gaya wa baƙinki tsohuwar dokarmu tana nan: wanda ƙwallonsa ya faɗa kashin saniya ya ɗaga abinsa ba tare da an ci shi tara ba, amma shi zai wanke. Doguwar ciyawar gefe ba za mu taɓa ta ba sai Agusta, saboda tsuntsayen nan masu kukan ƙararrawar katako suna kwance a kan ƙwai a ciki. Su zo da ƙwallaye da yawa.

A watan Yuni kuwa, kin manta? Ina fata ba ki manta ba! Filin gaba ɗaya yakan koma fari da furanni, bayan mako biyu ya rikiɗe ya koma rawaya, har mutum ya rasa inda zai sa ƙafa, teku yana walƙiya a hannun hagu, rana ta ƙi faɗuwa kamar baƙon da hira ta yi wa daɗi. Shekara talatin ina fitowa wannan fili da asuba, har yau akwai safiyar da nakan kashe injin in zauna shiru, don in ci gaba da wannan ƙara a gaban irin wannan kyau ji nake kamar rashin ladabi ne. Wa ya shirya wannan? Wane lambu ne ɗan Adam ya taɓa dasawa da zai kama ƙafarsa? Ni dai abin da nake yi aski ne kawai a gefe-gefe.

Kin tambayi iska. Tana nan, ba ta tsufa ba. Da safe tana lallashi, bayan azahar ta juyo daga yamma ta ƙwace wa mutum hula da girman kai a lokaci guda. Su fara wasa da wuri. Kin tambayi jirgin ruwa daga Oban: ku kama wuri tun yanzu, don a Yuni motocin masu yawon buɗe ido sun fi tumakinmu yawa, kuma ku bar kwana ɗaya a sarari ko da teku zai yi fushi.

Saura tambaya ta uku, wadda na tsallake da gangan: ko akwai ramin da aka rufe. A nan ne alƙalamina ya tsaya kwana biyu.

Kina tuna rami na bakwai? Kada ki ce mini a'a, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Can a bakin tudu, inda farfajiyar ke leƙen teku. A nan muka yi wasanmu na ƙarshe, a Satumban da za ki tafi. Kika buga, ƙwallonki ya tashi ya karkata hagu kamar yadda ya saba, don duk duniya ba wanda ya iya gyara miki wannan karkata, ya sauka a kusurwar baya, taki ɗaya daga rami. Iska tana watsa miki gashi a fuska, kumatunki sun yi ja, kina dariya har da dafa gwiwa. Ban taɓa ganin abin da ya kai ki kyau a wannan lokaci ba, kuma ni mutum ne da ya ga fitowar rana a kan wannan teku sau dubbai. Sai kika daina dariya, kika dube ni, kika ce, "Tormod, jirgin Alhamis zan bi. Akwai wurin mutum biyu a motar." Ni kuwa, jakin duniya, na dubi farfajiyar, na dube ki, na ce, "To wa zai yanke ciyawa?" Wayyo ni! A ce mutum a miƙo masa rayuwa a tafin hannu, ya amsa da zancen ciyawa! Sai kika tura ƙwallon cikin rami, kika ciro shi, kika goge shi a rigarki, muka ƙarasa sauran ramukan goma sha ɗaya muna maganar farashin man fetur.

Yanzu bari in tona asirin kaina. Kin san aikin mai kula da fili ne ya sauya wa rami wuri, yau gaba, gobe tsakiya, don kada ciyawa ta mutu a gu ɗaya. A ramuka goma sha bakwai haka nake yi, ba wanda zai zarge ni. Amma a na bakwai, duk ranar Asabar ta gasar kulob, tun daga waccan shekara, a kusurwar baya ta hagu nake huda shi in kafa tuta. In matsa taki ɗaya nan, in matsa taki ɗaya can, amma ba na barin kusurwar. Ina ce a raina, in ta sauko daga jirgi ba zato, ta ari sanda, to ta tarar da rami yana jiran ƙwallonta a inda zai sauka. Na ɗauka ba wanda ya gane. Sai wata Asabar kawunki Finlay, bayan ƙwallonsa ya wuce tuta ya gangara gaɓa karo na uku, ya jefar da sanda ya daka mini tsawa a gaban kowa: "Kai Tormod, ka ji tsoron Allah! Yarinyar nan ita ta tafi, mu me muka yi maka? Ka hau jirgi ka je ka same ta, ka bar mu mu ci gasa ko sau ɗaya kafin mu mutu!" Aka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Ashe duk tsibirin ya sani, har matar fasto.

Sai ga guguwar Janairu. Kin gani a labarai, amma labarai ba su gaya miki abin da na tarar da safe ba. Na nufi tudun rami na bakwai, sai na ga babu tudun. Yashin da ya fi rufin coci tsawo, wanda kakana ya hau yana yaro, teku ya kwashe shi kamar an share gari daga kan tebur. Kashi ɗaya cikin uku na farfajiyar ya bi shi. Kusurwarki, Dolina, kusurwar da na yi shekara goma sha huɗu ina durƙusa mata, ta zama iska. Na tsaya a bakin yankewar, saiwoyin ciyawata suna reto a ƙarƙashin takalmina, na leƙa ƙasa.

Ruwa ya janye nesa. A inda yashi yake a da, sai ga baƙar ƙasa shimfiɗe tana sheƙi, a cikinta kuma kututturan itatuwa, ba ɗaya ba, ba goma ba, jere har inda ido ya gaji, saiwoyinsu a baje kamar yatsun hannu. Itatuwa, Dolina! A tsibirin nan da babu bishiyar da ta kai kafaɗata, inda iska ba ta barin ko sandar shanya ta tsaya a miƙe! Na gangara na durƙusa na taɓa ɗaya. Ɓawonsa yana nan, fari, kamar jiya aka sare shi. Tsigar jikina ta tashi. Finlay ya iso bayana yana haki, ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji. Can ya ce a hankali, "Ashe daji muke wasa a kansa, ɗan nan." Daga baya masana suka zo daga jami'a da igiyoyin awo, suka ce itatuwan sun haura shekara dubu biyar.

Shekara dubu biyar! Daji guda ya tsiro a nan, tsuntsaye suka yi sheƙa a cikinsa, wataƙila wani ya tsaya a inuwarsa yana jiran wata, sannan teku ya zo ya rufe shi, yashi ya hau kansa, ciyawa ta hau kan yashi, ni kuma na zo da ɗan injina ina ganin in ban fito ranar Litinin ba duniya za ta tsaya. Na ji tsoro, ba zan ɓoye miki ba, irin tsoron da ke zuwa tare da girmamawa. Na kuma ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba. Wannan fili bai taɓa buƙatata ba. Yana da mai shi, kuma mai shi yana karɓar abinsa a duk lokacin da ya ga dama. Wadda ta buƙace ni guda ɗaya ce tak a duniya, ta faɗa da bakinta a kan wannan tudu, na bar ta ta shiga mota ita kaɗai.

Ga amsar tambayarki ta uku, ki rubuta wa Jamusawanki: rami na bakwai a buɗe yake har ƙarshen Agusta, tuta tana gaba, an kafa igiya a bakin yankewar, kada kowa ya tsallake ta. In ruwa ya janye za su ga dajin daga sama, kuma na yi imani shi za su riƙa ba da labari in sun koma gida, ba wasan ba. Daga Satumba za a rufe shi a gina sabuwar farfajiya can ciki, nesa da gaɓa. Aikin shekara uku ne kafin ciyawar ta zauna. Kwamiti ya ce ni zan jagoranta, na ce a nemi wani. Kirsteen ta bi ni har mota tana cewa, "Ka haukace ne? Kai da ko Oban ka je kwana biyu sai ka fara ciwon kai? Ta ce maka ka zo ne?" Na ce ba ta ce ba.

Ba ki ce ba, ya muradin raina, kuma ban jira ki ce ba, don ba na so in zo miki da ciniki a hannu, wai in kin yarda in bar tsibiri, in kin ƙi in zauna. Wannan lissafin matsorata ne, na kuwa yi zaman matsoraci ya ishe ni. Na sami aiki a wani ƙaramin fili mai ramuka tara a gefen Glasgow, tsakanin titin mota da wata maƙabarta, ƙasarsa laka ce, an ce ruwa yana kwanciya a kai rabin shekara. Na kama ɗaki. Ranar biyu ga Satumba zan miƙa makullin rumfar injuna. Na san ba ki yi aure ba, Finlay ya gaya mini ba tare da na tambaya ba, amma ban san ko akwai wani a zuciyarki ba, ban san ko kin yafe mini ba, ban ma san ko kina tuna ni in ba aiki ya kawo ba. Shekarata hamsin da biyu, gwiwata ta hagu tana ƙara, hirata ba ta wuce taki da ruwan sama. Abin da nake da shi ke nan, kuma duk naki ne.

Roƙona ɗaya: ki rako baƙin nan da kanki a Yuni. Ki zo ki ga furannin, ki ga dajin kafin yashi ya sake rufe shi, ki tsaya kusa da ni a bakin igiyar nan ko na minti biyar ne. In kin dube ni kin ga babu sauran komai, ki faɗa mini a fuska, zan ɗauka. In kuma ba ki zo ba, baƙinki za su tarar da fili a gyare da shayi mai zafi, ba za su ga komai a fuskata ba. Duk da haka zan hau jirgin Satumba. Ba zan ƙwanƙwasa miki ƙofa ba, ba zan tare ki a hanya ba. Zan dai kasance a garin da kike, ina yanke ciyawar da ba ta jin ƙamshin teku, kuma duk ranar da kika aiko, a cikin shekarar nan ko bayan goma, zan kashe injin a tsakiyar layi in taho.

Naki tun kafin in san haka, naki har ranar da za a shimfiɗa ciyawa a kaina,

Tormod