Na Maimaita Baitin Ni Kaɗai

Bradford, Ingila

Inna,

Ina gaishe ki da kyau. Ya ƙafar Baba? Idwal ya gama yi wa tumaki aski? Ni lafiya lau, aikin masaƙa da sauƙi, barci ne dai yake min gardama.

Ran Lahadi na shiga cocin mutanen nan. Sai suka ɗauko waƙar da muka rera a bakin kabarin Kaka. Karin namu ne, kalmomin nasu. Na rufe ido na bi su da harshenmu na Wales. Da aka kai ƙarshe na sake ɗauko baitin, yadda muke yi a gida in waƙa ta ratsa mu. Ashe su sau ɗaya suke yi! Kowa ya zauna, ni kaɗai a tsaye ina rerawa, har wata dattijuwa ta ja min riga ta ce, "'Yar nan, ai an gama."

Kada ki damu, ban yi kuka a gabansu ba. Amma tun ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Ki aiko min da gyalen ulu. Allah ya ƙara lafiya. Kuma Inna, kada ki ba kowa wurina a bencinmu na coci. Su ne suka gama, ni ban gama ba.

'Yarki,
Tegwen