Kada Ki Zo Gaisuwar Sule

Zuwa ga 'yata Hadiza, gaisuwa mai yawa. Ina lafiyarki, ina maigidan, ina yara?

Bayan haka, ɗakin bayan gari da ake keɓe masu agana ya faɗi da damina, ana sake gina shi. Mai gari ya ce majinyata su koma gidajensu kafin azarar rufin ɗakin ta iso daga Bici. Na ce tun kakanninmu ba a haka, a kafa musu bukka a gona. Aka ce rigimar tsufa ce. Cutar ta shigo gidanmu, Allah Ya yi wa ƙaninki Sule rasuwa.

Na san halinki. Kada ki zo gaisuwa, kada ki kawo mini jikokina. Yi masa addu'a daga can Zazzau, ki gaishe da kowa.