Tsiron da Yayata Ta Ba Ni Daga Bishiyar Mama

Kawu Arnold, don Allah ka taimake ni kafin in yi abin da zan zo ina da-na-sani. Wata uku ke nan ban ɗaga wayar yayata ba, kuma a kan bishiya ne.

A bayan gidanmu na gado, jikin katangar dutse, akwai bishiyar damsin ta mahaifiyarmu, mai 'ya'ya baƙaƙe-baƙaƙe kamar ɗinya. Ba ta nuna sai kowa a kwarin nan ya gama tsinke tasa, can ƙarshen Satumba, ruwa na dukanmu muna tsinka. Ɗanyarta ba ta ciwuwa saboda bauri, amma in ta ji wuta da sukari babu irinta. Da ita Mama ke yin jam ɗin da muke ci har hunturu ya fita.

Da Mama ta rasu, yayata Enid ta ci gaba da zama a gidan, don ita ta yi jinya. Ni ina garin Kendal da yara ƙanana, ban zo yadda ya kamata ba, wannan na yarda. Abu ɗaya na roƙa, tsiro daga gindin bishiyar, kamar yadda kowa ke yi a nan. Ta kawo min a buhu ta ce, "Ga gadonki, Auta. Saura ki kashe ta kamar yadda kike kashe furanni."

Shekara bakwai ina lallaɓa ta. Na kewaye ta da waya saboda zomaye, in sanyin Afrilu ya taso ta yi fure, da tsohon labule nake rufe ta. Bana ta yi 'ya'ya. Kawu, koraye ne! Ƙanana, tun Agusta suka nuna, na dafa suka fito salam. Na kai wa Enid a kwano, ta yi dariya har da riƙe ciki, wai, "'Yar birni, ko ƙasarku ce ba ta son ki?"

Me ya hana ta jira in zo mu haƙa tare? Me ya sa mijinta Gordon ya sunkuyar da kai ranar da ta kawo min buhun? Tun rasuwar Mama ita ke cinye gasar jam ta ƙauyenmu, alhali a da ni ke kayar da ita. Zuciyata na gaya min a bakin hanya ta tumɓuko wani abu ta ba ni. Yanzu ta sayar da gidan, masu shiga za su sare bishiyar a Maris don su sami wurin ajiye mota. Na rubuta mata wasiƙa mai zafi, tana nan a aljihun rigar ruwata. In aika?

Auta mai jira, Kendal

Auta, bar wasiƙar nan a aljihu tukuna.

Gaskiya ne yawancin damsin na kwarinku a kan saiwarsu suke, shi ya sa tsiron gindi ke fitowa irin uwarsa. Amma wasu aure aka yi musu tun suna ƙanana: sama iri ɗaya, saiwa wani iri. Abin da ya tsiro daga irin wannan saiwa ƙananan koraye yake haifa, daidai yadda kika kwatanta. Ki je ki duba gindin bishiyar Mama, kamar taƙi ɗaya daga ƙasa. In kin ga kumburi ya zagaye ta, to a gindin bishiyar Enid ta haƙa, kamar yadda kika roƙa.

Ban wanke ta tas ba. Ƙila ta sani ta yi shiru, dariyar nan kuma ba ta kyauta ba. Amma ke ma ina zarginki. Wanda hankalinsa yake kwance game da jinyar uwarsa ba ya ganin ramuwa a cikin kwanon 'ya'yan itace. Ina jin kin daɗe kina jiran Enid ta hukunta ki.

Shekarunki bakwai ba su tafi a banza ba, kin raini saiwa mai ƙarfi. A Janairu ki yanko rassan bana daga bishiyar Mama, masu kaurin fensir, ki naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma a wuri mai sanyi. Farkon Afrilu, ranar da babu ruwa, ki sami gwani ya aura su a taki. Bayan shekara uku za ki dafa jam ɗin Mama.

Sai dai rassan nan suna bayan ƙofar da Enid ke riƙe da makullinta, kuma daga Maris babu bishiyar. In kin aika wasiƙar, ke kika sare ta. Ki ɗauki almakashi ki je da kanki, ki fara da yi mata godiyar jinyar da ba ki taɓa yi ba. Allah ya daidaita ku, ya raya dashen.

Kawu Arnold